Wutar Makarantar 'Ya'yanmu: A Yi Lissafi Kafin a Sayi Ƙwai

Ina gaida mutanen Kwatano, musamman na Zongo da na Houéyiho inda nake zaune. Ina gaida direbobin da ke kan hanyar Paraku zuwa Malanbil, da 'yan kasuwar Gaya da Kamba da Ƙonni da Illela, da makiyaya a duk inda dare ya riske ku da dabbobinku. Wanda bai samu jin shirin ba, ga shi a rubuce. Ka karanta, kuma ka karanta wa na kusa da kai.

Yau maganar wutar makaranta za mu yi. Wani zai ce, to ni ɗan tireda ne, ko mai shanu, ina ruwana da ƙwan lantarkin aji? Da ruwanka, ta hanya biyu. Ta farko, yawancin makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa da yamma da dare, wato Islamiyya da makarantun allo da ƙananan makarantun kuɗi, daga aljihun iyaye ake biyan wutarsu. Ko a makarantar gwamnati, in abu ya lalace, sau da yawa ƙungiyar iyayen yara ake kira. Ta biyu, ƙwan nan da ake ɗaurawa a aji, mu ne muke shigo da shi. Ta tashar jirgin ruwan Kwatano yake sauka, ko ya tsallako daga Ikko ta Seme, sannan ya hau mota ya nufi arewa. In mai kyau ne, ta hannunmu ya bi. In na banza ne ma, ta hannunmu ya bi.

Bari in fara da abin da na gani da idona, don sana'ata ke nan, gyaran wuta.

Akwai wata Islamiyya ba nisa da gadar sama ta Houéyiho, aji shida gare ta. Da rana yaran suna boko, da magariba su dawo nan. Masu shirin jarrabawar CEP da BEPC kuma sukan tsaya bayan isha'i su yi bita, saboda a gidan haya ɗaki ɗaya babu wurin da yaro zai baje littafi. Tsofaffin dogayen ƙwai ne a azuzuwan, irin wanda muke ce wa neyon, rabinsu suna ƙyaftawa kamar mai ciwon ido. Duk wata sai an yi rigima a kan kuɗin katin mita. Sai wani bawan Allah ɗan kasuwa ya ɗauki nauyi, da kyakkyawar niyya. Ya kawo kwali biyu na ƙwan LED mafi araha da ya samu, ya haɗo da wani akwati da aka ce masa ana kunna wuta a kashe da shi ta wayar hannu. Aka ɗaura, aka yi addu'a, kowa ya ji daɗi.

Kafin wata huɗu fiye da rabin ƙwayayen sun mutu. Akwatin kuwa sai da intanet yake aiki, wanda aka saka masa shi a waya ya yi tafiya Maraɗi, babu wanda ya san lambar sirrin. Da aka kira ni na duba, sai na tarar wayoyin cikin silin duk sun ci tsatsa, an yi musu ɗauri da leda, ruwan damina yana ɗiga a kansu. Kuɗi sun tafi, yara sun koma karatu da tocilar waya. Mai kyautar ya ji kunya, alhali laifinsa ɗaya ne: ya fara da saye kafin lissafi. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

To mene ne LED ɗin, kuma me ya sa ake ta maganarsa? Tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda in ka taɓa shi yake ƙona hannu, kashi tara cikin goma na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita. Makiyayi ya san irinsa: saniya ce mai cinye harawa, in an zo tatsa ba ta cika ƙoƙo. Mai wat 60 yana ba da hasken da ake aunawa da lumen 800. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da wannan hasken daidai. Tsohon yakan yi kamar awa 1,000 ya mutu, LED na kirki yana kai awa 15,000 zuwa 25,000. Mutum uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka gano yadda ake samar da shuɗin hasken da ake yin farin LED da shi, aka ba su kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aikin.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi, irin wanda kake yi kafin ka loda mota.

Dogon neyon mai tsawon santimita 120 an rubuta masa wat 36, amma akwai wani baƙin ƙarfe a cikin gidansa, wanda masu gyara ke ce wa balas, shi ma yana shan nasa. In an haɗa, wajen wat 44 ne. Dogon LED da zai maye gurbinsa wat 18 yake sha. Bambanci wat 26 a kowane ɗaya. A ce aji shida, kowane aji ƙwai shida, ƙwai 36 ke nan. Wat 26 sau 36 ya ba ka wat 936. In ana kunna su awa shida a rana, kwana 22 a wata, awa 132 ke nan, kuma wutar da aka rage ta kai kilowat 123 da ɗoriya a wata. A ce kilowat ɗaya sefa 125 ne, kowa dai ya duba nasa rasit ya sa farashin da yake biya. Ka ga an tsira da sama da jika 15 duk wata. In kowane dogon LED mai kyau jika uku ne, 36 sun kama jika 108. Cikin wata bakwai ko takwas ƙwayayen sun biya kansu, abin da ya biyo baya riba ce. Wace haja ce a kasuwa take mayar maka da uwar kuɗi haka, kuma ta ci gaba da haihuwa shekara da shekaru?

Amma lissafin nan yana tsayawa ne in ƙwan ya yi ƙarko. In ya mutu a wata huɗu, ka yi asara sau biyu, ga kuɗin saye ga ladan mai ɗaurawa.

Kada kuma ka ɗauka rage shan wuta maganar aljihu ce kawai. Mu mazauna bakin iyaka mun san cewa wutar ma baƙuwa ce, tsallako iyaka take yi kamar shinkafa. Tun 1968 Benin da Togo suka kafa kamfanin CEB don su riƙa sayo wuta tare, suka daɗe suna dogaro da madatsar Akosombo ta Gana. A 2007 aka buɗe babban layin da ya taso daga Ikeja a Najeriya zuwa Sakete. Daga baya Benin ta gina tashar Maria-Gléta mai megawat 127, aka buɗe ta a watan Agusta na 2019, sai ta hasken rana mai megawat 25 a Illoulofin kusa da Pobè a 2022. SBEE ita ke raba mana wutar gida-gida. Mutanen Nijar kuwa ba sai an tuna musu watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kai wuta Yamai bayan juyin mulki. A Najeriya ma, a watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin kilowat ɗaya zuwa naira 225 ga masu layin da ake kira Band A. Duk makarantar da ta saba da shan wuta kaɗan, ranar da aka shiga irin wannan hali ƙaramin batir ko ƙaramin janareta ya ishe ta. Wadda ta saba da ɓarna, sai ta rufe karatun dare.

Gana ta taɓa gwada wannan a ƙasa baki ɗaya. A 2007, da ruwan Akosombo ya ja baya aka shiga ƙarancin wuta, gwamnati ta raba ƙwai marasa shan wuta miliyan shida kyauta, ta karɓe tsofaffin. Abin da aka rage a lokacin da aka fi jan wuta ya haura megawat 120, kusan ƙarfin tashar Maria-Gléta guda, daga canza ƙwai kawai.

To ta ina za a fara? Ga tsarin da na koya daga waccan Islamiyya, don daga baya mun sake aikin, kuma har yanzu yana nan.

Na farko, a duba wayarin. Iskar Kwatano gishiri ne da laima, tana cin ƙarfe tana cin mahaɗar waya. A arewa kuma zafi ne da ɓera da gara. Waya mai sako-sako tana sa wuta ta riƙa tsalle, ta kashe sabon ƙwai, wani lokaci ta tada gobara a ɗakin da yara hamsin ke zaune. A kira mai gyara na gaske ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, a sa abin katse wuta in ta yi yawa, a sa na kare kaya daga tsawa da hauhawar wuta. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, a yi amfani da hasken da Allah ya bayar kyauta. Aji da yawa da nake shiga, an toshe tagogi da kwali ko an jingina allo a jikinsu, bango ya yi baƙi, sannan a kunna wuta da tsakar rana. Bokitin farar ƙasa ko farin fenti a bango da silin yana ƙara haske fiye da yadda kake zato. A raba makunni biyu, layin ƙwan da ke kusa da taga daban, na cikin lungu daban, don a iya kashe ɗaya a bar ɗaya.

Na uku, sai a zo kan ƙwai. A nan nake roƙon 'yan kasuwa su buɗe kunne. In za ka saro, kada ka tsaya a kan wat, ka nemi lumen a jikin kwali. Wat abin da ƙwan yake ci ne, lumen abin da yake bayarwa. Na kirki yana ba da wajen lumen 100 a kowane wat, wato mai wat 18 ya ba da kamar 1,800. In kwali bai nuna lumen ba, ko ka ga ɗan ƙaramin ƙwai mara nauyi an rubuta masa wat 50 ana sayar da shi kuɗin goro, ajiye shi. Ka sa a kunna maka, ka ɗora kyamarar wayarka a kansa. In ka ga layuka suna gudu a fuskar wayar, ƙwan yana ƙyaftawa ko da idonka bai gani ba, kuma irinsa yana gajiyar da idon mai karatu. Ka nemi wanda aka rubuta yana jure wuta daga bolt 85 ko 100 har zuwa 265, saboda wutarmu hawa da sauka take yi. Don aji, mai lamba 4000K ya fi daɗin karatu: fari ne, bai yi ja ba, bai yi shuɗi mai kashe ido ba. Na waje, wanda ruwa zai taɓa, a nemi mai alamar IP65. Sannan ka tambayi dila: in ya mutu kafin shekara, za ka canza mini? In ya yarda, ya rubuta a rasit. In ya ƙi, ya gaya maka gaskiyar kayansa ke nan.

Ka sani kuma, tun ƙarshen 2018 gwamnatin Benin ta fitar da doka da ta sa ma'aunin ingancin da ƙwan lantarki da na'urar sanyaya ɗaki za su cika, da takardar shaida da ake liƙa musu. Mai shigo da kaya ya nemi sanin wannan kafin ya zuba jarinsa a kwantena.

Na huɗu, kuma na ƙarshe, shi ne na'urorin da ke kunna wuta su kashe da kansu. Su ne ake yi wa talla da sunan wuta mai wayo. Amfaninsu gaskiya ne, don ɓarnar mantuwa ba ƙarama ba ce. Aji ɗaya mai tsofaffin ƙwai shida, in aka manta shi a kunne daga ƙarfe shida na yammar Juma'a zuwa takwas na safiyar Litinin, awa 62 ke nan, ya sha kilowat 16, wajen jika biyu a farashin da muka ɗauka. In babban hutu ne na wata biyu, kuɗin sun haura jika 47, a ɗakin da babu kowa sai gizo-gizo.

Iri uku ne masu sauƙi. Akwai wanda nake kira idon rana, ɗan ƙaramin abu da ake ɗaurawa a waje, in gari ya yi duhu ya kunna fitilun tsakar gida da na ƙofa, in gari ya waye ya kashe. A Kwatano dare da rana kusan awa goma sha biyu-biyu ne duk shekara, saboda haka fitilar da a da take kwana ta wuni a kunne, an rage mata rabi. Akwai agogon wuta, wanda za ka saita ya yanke wutar azuzuwa, misali ƙarfe goma na dare. Shi wannan a sayi mai ɗan batir a ciki, in ba haka ba duk lokacin da aka ɗauke wuta sai lissafinsa ya rikice. Sai mai jin motsi, wanda yake gane zafin jikin mutum in ya gitta. Ya dace da makewayi da baranda da ɗakin ajiya. In za a sa shi a aji, a saita shi ya jira minti goma zuwa sha biyar kafin ya kashe, don yara in sun duƙufa rubutu ba sa motsi sosai, sai ka ga wuta ta mutu ana tsakiyar darasi. In a waje ne, a ɗaga shi sama a karkata shi, in ba haka ba akuya da kyanwa za su kwana suna kunna maka wuta.

Wanda ake sarrafawa ta waya da intanet kuwa, yana da wurinsa: babbar makaranta mai gine-gine da yawa, mai ma'aikacin da aikinsa ke nan. Ƙaramar makarantar unguwa, shawarata ita ce kada ta sayi abin da mai gyaran unguwa ba zai iya buɗewa ya gyara ba. Kuma ko wace na'ura aka sa, a bar makunnin hannu a gefe, don ranar da ta ƙi aiki kada karatu ya tsaya. A naɗa mutum ɗaya, malami ko mai gadi, ya riƙa rubuta lambar mita duk ranar Juma'a a littafi. Wannan littafin shi zai nuna maka ko aikin ya biya, shi zai tona in wani maƙwabci ya ja waya ta bayan katanga.

Tsofaffin neyon da aka cire fa? Kada a bar wa yara su yi wasan takobi da su. Akwai zaiba a cikinsu, guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, ta fi yi wa ƙananan yara da masu ciki illa. Saboda ita ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, sunan wani gari a Japan da zaiba ta nakasa mutanensa. A taron da aka yi a Geneva a ƙarshen 2023, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, an amince a daina ƙera dogayen neyon da cinikinsu tsakanin ƙasashe nan da 2027. Ɗan kasuwa ya lura da wannan: in wani ya zo maka da kwantenar neyon a farashin da ya ba ka mamaki, kayan da duniya ke sallama ne ake neman inda za a juye. In ɗaya ya fashe a aji, a fitar da yara, a buɗe tagogi, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle a leda, kada a taɓa da hannu.

Yanzu gare ku makiyaya. Na san da yawanku inda kuke babu turken wuta balle mita. Amma ku LED ya fi yi wa rana. Iyayenmu a makarantar allo kara suke tarawa a hura wuta a zagaye ta, daga baya aka koma aci-balbal da fitilar ƙwai, ga hayaƙi ga kuɗin kananzir. Yau rumfar karatu a ruga, ƙwai huɗu masu wat biyar-biyar sun haska ta. In sun yi awa uku a dare, abin da suka sha duka wat 60 ne na awa ɗaya, wanda ƙaramin faifan sola mai wat 30 zuwa 50 da batir ɗaya za su ɗauka, har a yi cajin waya. Da tsofaffin ƙwai masu wat 40 ne, sai an ninka wannan sau takwas. Kayan duka jaki ɗaya zai ɗauke su in an tashi. Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, kuma duk wanda ya san ruga ya san cewa yaron da ya wuni bayan shanu, dare ne lokacin karatunsa. Abu biyu kawai za ku kiyaye: a riƙa goge faifan, musamman da hunturu in ƙura ta rufe shi, kuma kada a bar batir ya ƙare ƙaf kullum, don haka ne yake saurin mutuwa.

Waccan Islamiyya da na ba ku labari, da muka sake aikin, iyaye ne suka yi karo-karo, mai kyautar farko ma ya sake sa hannu. Wata na farko wayarin kawai muka gyara, muka shafe bango. Wata na biyu muka sa ƙwai a aji biyu, muka jira mu ga ƙarkonsu kafin mu sayi sauran. Idon rana ɗaya da agogo ɗaya muka sa, shi ke nan. Littafin mita yana hannun wani malami, kuma rigimar kuɗin kati ta mutu.

Abin da nake so ka yi a makon nan ba ya cin ko dala. Ka je makarantar da ɗanka ko 'yarka ke zuwa, bayan magariba, ka zauna a bencin baya, ka buɗe littafi ka gani ko kai za ka iya karanta shi. Ka ƙirga ƙwai nawa ne, nawa ke aiki, wat nawa aka rubuta a jikinsu. Ka tambayi nawa ake zuba wa mita a wata. Ka kai wannan lissafin taron iyaye, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuma kai ne mai saro ƙwai, ka tuna wanda ka sa a kwali yau, wataƙila a ajin ɗanka za a ɗaura shi.

Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba, inda za mu yi maganar batir: wanne ya dace da zafin arewa, kuma yaya ake gane wanda aka yi wa kwaskwarima aka sayar a matsayin sabo. Na kan hanya Allah ya kai ku lafiya, na daji Allah ya tsare ku da dukiyarku. Sai mun sake haɗuwa.